Dogon kwanon alminiyam a gaban iskar daminar Kano: ya ci kuɗinsa?

Washegarin ruwan farko, in ka zagaya unguwannin bayan gari, abin da za ka gani ba ya sauyawa. Kwano a nannaɗe kamar tabarma a gindin katanga, wani a rataye jikin wayar wuta, wani kuma ya tsallake gida uku ya faɗa tsakar gidan mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba. Daga Rijiyar Zaki zuwa Danbare, daga Jaba zuwa Mariri, duk inda gini ya tashi a fili babu abin da zai tare masa iska, labarin ɗaya ne. Shi ya sa masu gini da yawa suka koma wa dogon kwanon alminiyam, wanda 'yan kasuwa ke kira lonsifan, da tunanin in an biya kuɗi masu kauri an yi sallama da fargabar hadari.

Kayan yana da kyau, wannan babu ja. A wajen hana yoyo ya fi kwanon bandir nesa ba kusa ba. Amma a wajen iska, kwanon ba ya riƙe kansa, abin da aka ɗaure shi da shi ne ke riƙe shi, kuma a nan ne aka fi yi wa mai gida sakiyar da ba ruwa.

Yadda yake zuwa shi ne a naɗe, kamar ƙaton bandir ɗin atamfa. Ana zura shi a inji ya fitar masa da tudu da kwari, a yanka daidai tsawon da kafinta ya auno. Babban amfaninsa ke nan: daga tsororuwar rufi har baki falle ɗaya ne, babu haɗi. Kwanon da aka saba da shi, mai falle 20 a bandir, tsawonsa wajen ƙafa shida ne, don haka gangare mai mita shida sai ya ci falle huɗu, da haɗi uku. Kowane haɗi ƙofa ce. Idan ruwa ya zo da iska ba gangarowa kawai yake yi ba, turo shi ake yi sama, ya bi ta ƙarƙashin haɗin ya sauka kan silin. Dogon kwano ya toshe wannan hanyar. Ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, ba ya kuma nauyaya wa katako. Rashin nauyin nan kuwa, da ake yi masa talla da shi, shi ne inda ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani.

Iskar da ke yaye rufi a Kano ba ta tsakiyar damina ba ce. A watan Agusta, lokacin marka, ruwa ne ke da yawa, iskar da sauƙi. Mai ɓarnar ita ce ta farkon damina, daga Mayu zuwa Yuni, da wadda ke rako ruwan bankwana wajen ƙarshen Satumba. Gabas ta yi baƙi ƙirin, gari ya yi tsit, ganye ko motsi ba ya yi, sai jar ƙura ta taso, kafin a gama kwashe shanya ta iso. Mintunan nan na farko, tun kafin ɗigon ruwa ya sauka, su ne ke ɗauke rufi.

Mutane da yawa suna ɗauka danna rufi iska take yi. Zuƙarsa take yi sama. Idan ta bugi bango ta haura, sai ta bar wani gurbi a saman kwano wanda ke jan sa kamar ana fizgar bargo daga kan mai barci. A lissafin injiniyoyi, iska mai gudun kilomita 90 a awa tana da ƙarfin da ya kusa kilo 40 a kan kowace murabba'in mita, kuma a kusurwoyi da bakin rufi zuƙar kan ninka haka har sau biyu ko fiye. In gudun ya ninka, ƙarfin sau huɗu yake ninkawa. Shi kuwa alminiyam mai kaurin 0.55, murabba'in mita ɗinsa kilo ɗaya da rabi ne. A gaban iska, nauyinsa da babu duk ɗaya. Sannan in ƙofa ko taga tana buɗe ta ɓangaren gabas, iskar ta shiga ɗaki ta rasa mafita, sai ta tura daga ƙasa, ta waje kuma tana ja daga sama. Wannan ne ya sa gidajen da aka yi wa rufi aka bar su babu tagogi, ana jiran kuɗi su samu, suka fi kowa asara. Wanda ginin nasa zai kwana damina a haka, gara ya toshe ramukan gabas da bulo ko katako kafin Mayu.

Kaurin da aka faɗa da kaurin da aka bayar

Ana sayar da shi da lamba: 0.45, 0.55, 0.7, duk a milimita. Matsalar ita ce a kasuwa lambar ta zama suna, ba awo ba. Kana iya shiga shago a ce maka, "Alhaji, cikakken 0.55 ne, taɓa ka ji," ka taɓa ɗin, ka ji ba komai, domin yatsa ba ya bambance kashi ɗaya cikin goma na milimita. Wani mai shagon da ke tsoron Allah shi zai riga ka tambaya: "Yallabai, cikakke kake so ko na kasuwa?" Duk wanda ya yi maka wannan tambayar, ka riƙe shi, ya fi wanda zai yi ta rantse-rantse.

Hanya uku ce ta ganewa, kuma babu mai tsada a ciki. Ta farko maikiromita, ɗan ƙaramin ma'aunin nan mai kama da ƙugiya da ake murɗawa. Ka zo da naka ko ka aro wajen masu aikin injin sassaƙa ƙarfe, ka rufe bakinsa ka tabbatar yana kan sifili kafin a fara. Kada a auna a daidai bakin da aka yanka, akwai kaifin yanka da ke ƙara lamba, a shiga ciki kamar yatsa biyu. A cire ledar da ke lulluɓe da shi, a kuma tuna fenti yana ƙara ɗan abu kaɗan, wajen 0.02 zuwa 0.03. In ma'auni ya nuna 0.47 a kan abin da aka ce 0.55 ne, to 0.45 ake sayar maka.

Ta biyu sikeli. Alminiyam nauyinsa sananne ne, gram 2.7 a kowane santimita na tsawo, faɗi da kauri. Idan faɗin naɗin mita 1.2 ne, tsawon mita ɗaya na 0.55 zai yi kusan kilo 1.78, na 0.45 kuma kusan 1.46. A ɗora falle mai mita biyar a sikeli, bambancin ya haura kilo ɗaya da rabi, ba ya ɓuya. Ta uku kuwa ta fi kowace sauƙi: maganaɗisu, ko da na tsohuwar sifika ne. Alminiyam ba ya kama maganaɗisu. In ya manne, ƙarfe ne da aka yi wa rufin alminiyam da zink. Shi ma ba mugun kaya ba ne, za mu dawo kansa, amma kuɗinsa daban, kuma bai halatta a karɓi kuɗin wancan a ba da wannan ba.

Awon a yi shi sau biyu, ran ciniki da ran da kaya suka iso, domin samfurin da ke rataye a shago ba lallai shi ne naɗin da za a zura a inji ba. A rasit kuma a rubuta komai: irin ƙarfen, kauri, faɗin naɗi, launi, adadin falle da tsawon kowanne. Rasit ɗin da aka rubuta "kwano, mita 200" kawai ba ya raba gardama. A kula da faɗi ma. Ana lissafin kuɗi da faɗin naɗin, amma abin da zai rufe ɗaki ya gaza haka, saboda tudu da kwari sun ci wani, haɗin gefe ya ci wani. A tambayi faɗin da falle ke rufewa bayan an haɗa, da shi ake ƙirga falle.

Ga gidan zama, 0.55 na gaskiya shi ne daidai. Na 0.45 na gaskiya yana yi in rufin a ɓoye yake bayan farafet, wato 'yar katangar da ake ɗagawa a saman bango ta kewaye kwano, kuma an matse tazarar katako. Makaranta, masallaci, sito da duk rufi mai faɗi ko na saman bene, 0.7 ya fi kwanciyar hankali. Alminiyam ɗin da ya gaza 0.45 kuwa bai kamata ya hau gida ba. Ƙusa na yaga shi kamar takarda.

Wajen dako ma ana ɓata shi. Falle mai mita takwas a bayan a-kori-kura, rabinsa na reto a waje, kafin a fito daga Sharada an karya masa baya. Karin da ya samu a tudu ba ya miƙewa, kuma nan ne zai fara tsagewa. A nemi doguwar mota, a sa katako a ƙarƙashi, a sauke shi mutum uku ko huɗu a gicciye, ba a jan falle a kan falle.

Ƙusa, washa da katako

Ka ɗauki fallen da iska ta yar ka duba shi da kyau. Sau da yawa za ka ga ɗayan abu biyu. Ko dai ƙusoshin suna jikinsa reras, tsirara, sun zare daga katako. Ko kuma babu ƙusa ko ɗaya, sai ramuka masu faɗin kwabo inda kwanon ya yage ya bar kan ƙusar a can sama. Na farko laifin ƙusa da katako ne, na biyu laifin sirantar kwano da ƙanƙantar washa. In kuwa ka tarar da kwano da rafta da layin bulo guda duk sun tashi tare, to wannan laifin ɗauri ne. Babu ɗaya a cikin ukun da tsadar kwano kaɗai ke maganinsa.

Ƙusar kwano mai santsin jiki ba abokiyar tafiyar alminiyam ba ce. Dalili shi ne motsi. Alminiyam yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Falle mai mita 10, in zafin jikinsa ya sauya da digiri 40 tsakanin asuba da azahar, abin da ba wuya ba ne a watan Afrilu a Kano, zai ƙaru da kusan milimita tara, da dare ya koma. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji a rufi da hantsi ke nan. Kullum yana girgiza ƙusar, katako kuma yana bushewa yana sakinta, bayan bazara biyu ko uku sai ka ga kawunan ƙusa sun ɗago, ana iya zare wasu da yatsa. Abin da ya dace shi ne sukuru na rufi, mai zare a jiki, mai rufin hana tsatsa, da washa ta ƙarfe mai faɗi da baƙar roba a ƙarƙashinta. Tsawonsa inci biyu da rabi zuwa uku, yadda bayan ya ratsa tudun kwano zai nutse cikin katako aƙalla santimita uku. Baƙin ƙarfe tsirara in ya daɗe manne da alminiyam a cikin danshi, sai wurin ya yi fari-fari kamar gishiri, ramin ya ci gaba da faɗi.

Robar washa ita ce ainihin abin da ke hana ruwa shiga, kuma ita ce aka fi ha'inci a kanta. Mai kyau tana da laushi, in ka matsa ta da farce ta dawo. Ta banza tana da ƙyalli da tauri irin na robar bokiti, rana ɗaya ta bazara ta isa ta fara busar da ita, shekara na zagayowa ta tsattsage ta zube. Ɗaurin kuma yana da ƙa'ida: a murɗa har robar ta ɗan bazu ta leƙo gefen washa, a tsaya. In an zarce, tudun ya lotsa ya zama ɗan kwano mai tara ruwa. A kan tudu ake ɗaurewa, ba a cikin kwari inda ruwa ke gudu ba.

Yawan sukuru ba ɗaya ba ne ko'ina. A layin baki, da layin tsororuwa, da fallen farko da na ƙarshe a kowane gefe, kowane tudu sai ya sami nasa. A tsakiya ana iya tsallake ɗaya. Haɗin gefe, inda falle ya hau falle, a ɗinke shi da gajeren sukuru duk bayan kamar santimita 45. A ƙiyasta biyar zuwa shida a kowace murabba'in mita, wato rufi mai murabba'in mita 150 zai ci tsakanin 750 da 900. In kafinta ya ce, "Maigida, fakiti biyu ma sun isa," a tambaye shi guda nawa ne a fakitin. Kuɗin sukurun gaba ɗaya ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin kwanon, amma abin mamaki nan ne mai gida ya fi son a rage masa.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko sisi. Tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa, a fara shimfiɗa kwano daga yamma a nufi gabas. Ta haka kowane sabon falle zai hau kan na baya, bakin haɗin yana kallon yamma, iska ta bi ta kansa ba ta samu inda za ta sa yatsa ba. Kada kuma a bar leɓen kwano ya zarce katakon ƙarshe da yawa. Santimita biyar zuwa bakwai sun isa ya zuba ruwa a gota. Dogon leɓe shi ne marikin da iska ke kamawa. A can tsororuwa kuma, a tanƙwara bakin kowane kwari sama da filaya kafin a ɗora hular da ke rufe tsororuwar, hular ta sauko aƙalla santimita 20 ta kowane ɓangare. Kafintoci da yawa ba sa wannan tanƙwarar, shi ya sa za ka ga sabon rufi yana zubar da ruwa ta tsakiyar falo duk ranar da ruwa ya zo da iska, ranar da ya sauko a miƙe kuwa ko ɗigo babu.

Katakon da ake ɗaure kwano a kansa, wanda aka saba sa tubaitu, a 'Yan Katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo ka auna shi da tef kafin a loda. Sunansa inci biyu, amma sau da yawa bai kai ba, ga shi ɗanye. Tubaitiri, mai inci biyu da inci uku, ya fi, a ɗora shi yadda ɓangaren inci ukun zai tsaya a tsaye. Tazarar santimita 90 ta yi a tsakiyar rufi in kwanon 0.55 ne, amma layi biyu na baki da na sama a matso da su zuwa 60. Ɗanyen katako yana riƙe ƙusa ranar farko, in ya bushe ya tsage ta daidai ramin. Maganin gara kuma a tsoma katakon a ciki ko a shafe shi ta ko'ina har bakin yanka. Baƙin mai da aka tsiyayo daga inji yana baƙanta katako, ido ya gamsu, amma ba maganin gara ba ne. A lura kuma da maganin katako mai jan ƙarfe a cikinsa, irin wanda ke mayar da katako kore-kore, yana cin alminiyam. In da shi aka yi, a shimfiɗa leda mai kauri ko fel tsakaninsu.

Sai ɗaurin rufin da bango, wanda shi ne uwa uba. Katakon da ke kwance a kan bango dole a ɗaure shi da abin da ya fito daga cikin kankare. Rodi mai milimita shida ko langalanga mai kauri, a dasa shi cikin linta tun ranar zuba ta, duk bayan mita ɗaya, da ƙari a kusurwoyi, a naɗo shi ta kan katakon da raftar gaba ɗaya a buga. Abin da aka fi yi shi ne a huda bulo na biyu daga sama a zura langalanga. To ai bulo biyun nan ba su fi ƙarfin iskar da ke jan nauyin tan-tan ba, tare za ta tafi da su, kuma su ne ke faɗowa kan mutane. Haɗin rafta da katakon kwance ma kada a bar shi ga ƙusa biyu da aka soka a karkace, a naɗe shi da langalanga. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake jerawa a kan kwano shaida ce cewa mai gida bai yarda da ɗaurin ba, kuma yana da gaskiya.

Inda ruwan zai bi

Dogon kwano yana da santsi, yana sallamar ruwa da sauri, don haka duk abin da ke ƙasa sai ya shirya karɓa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50 cikin awa guda, ya tara lita 5,000, wato duro 25. A gidajen da aka ɓoye rufi bayan farafet, kamar yadda ake yayi a Kano, duk wannan ruwan cikin gota yake taruwa, a saman bango. Farafet yana kare bakin kwano daga iska ƙwarai, wannan ribarsa ce. Amma in mafitar ruwan bututu ne mai inci biyu ko uku, leda ɗaya ta fiya wata da ganyen darbejiya da ƙurar hunturu sun isa su toshe shi, gota ta cika, ruwa ya koma ta ƙarƙashin leɓen kwano ya sauka kan silin. Sai a ce kwano na yoyo, alhali kwanon lafiyarsa ƙalau.

A sa bututu mai inci huɗu, ɗaya ga kowace murabba'in mita 50 zuwa 60, a ba gotar gangare zuwa bakinsa, sannan a huda wata ƙofar ta ko-ta-kwana a jikin farafet, ƙasa da leɓen kwano kaɗan, yadda in bututu ya toshe ruwa zai zuba waje maimakon ciki. Magina na da, masu soro da azara, sun fi mu fahimtar wannan: indararo suke sawa, dogo, buɗaɗɗe, yana watsa ruwa nesa da bango, kuma kowace shekara kafin damina sai an hau an yi yaɓe. Wani abin lura kuma: ɗanyen siminti yana cin alminiyam. Duk inda za a cusa bakin kwano ko marfin gefe cikin bango, a shafa masa kwalta tukuna.

Gangaren rufin kada ya yi kwance sosai don kawai a ɓoye shi. Digiri goma ya fi aminci a irin ruwanmu. Ƙasa da biyar kuwa neman magana ne.

Ƙananan aibobinsa ba su da yawa. Yana da ƙara in ana ruwa, balle in da ƙanƙara, sai dai silin mai kyau yana rage ta. Mai duhun launi yana ɗaukar zafi, kuma ja da shuɗi masu arahar fenti suna koɗewa su yi fari-fari cikin 'yan shekaru. Mai haske ya fi dacewa da garin nan. Yana lotsawa in an taka shi ba bisa ƙa'ida ba, don haka mai hawa ya taka cikin kwari, a daidai layin sukuru inda katako yake. Ledar da ke jikinsa a ɓare ta da zarar an ɗaura, in ta sha ranar wata guda sai ta manne ta zama ƙazanta. Guntayen da suka rage kuwa kuɗi ne, 'yan gwangwan da masu zuba tukwane suna saye da kilo, a faɗa wa kafinta tun farko na waye.

In aka jera shi da abokan takararsa, kwanon ƙarfe mai rufin alminiyam da zink ya fi shi tauri a kauri ɗaya, ba ya yagewa a bakin washa da sauƙi, kuma ya fi araha. Kano ba bakin teku ba ce, babu gishiri a iska, rani ya fi damina tsawo, don haka tsatsa ba ta gaggawa. Rauninsa bakin yanka ne da duk inda aka karce, kuma ba a yanka shi da injin gurza, tartsatsin yana ƙona rufin. Wanda kuɗinsa ba su kai na alminiyam 0.55 na gaskiya ba, gara ya ɗauki wannan mai kaurin 0.4 ya zuba ragowar a sukuru da katako, da ya sayi siririn alminiyam don suna. Kwano mai tsakuwa kuwa ya fi su duka nauyi da shiru, kuma da yake ta goshi ake buga masa ƙusa, a gicciye, iska ba ta zare shi da sauƙi. Sai dai yana son rufi mai tsayi, yana cin katako sosai tunda layinsa duk bayan kusan santimita 37 ne, kuma na jabu tsakuwarsa tana zubewa ta cika gota.

Rufi da yawa lafiya aka gama su, masu zuwa daga baya ne suka lalata. Mai sa sola ya ɗaure faranti a jikin kwano kawai ba tare da ya nemi katako ba, farantin ya zama fiffike, ranar iska ya tashi da fallen. Mai sa dish ya huda cikin kwari ya toshe da cingam ɗin silikon da rana za ta ɓare. Mai jan wayar wuta ya bi da ita ta kan kaifin leɓen kwano, iska tana kaɗa ta tana gogawa har robar ta yanke, rufi gaba ɗaya ya ɗauki wuta. Wannan na ƙarshen yana kisa. In iska ta yar da kwano a kan waya, ko waya ta faɗo kan rufi, kada kowa ya taɓa, ko da an ɗauke wuta, a hana yara zuwa wurin, a kira ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na KEDCO.

Watan Afrilu shi ne lokacin hawa a duba, da sassafe kafin kwano ya yi zafi. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon shekara yana ba da ƙiyasin lokacin faɗuwar ruwa, a yi aikin kafin nan. A bi layin baki da kusurwoyi a taɓa kowane sukuru. Wanda ke juyawa ba ya kamawa, a zare shi a sa wanda ya fi shi kauri, ba a ƙara masa ƙusa a gefe ba. A share gota, a zuba bokiti biyu a ga inda ruwa ke kwanciya. A sassabe reshen darbejiya ko mangwaro da ya rankwafo kan rufi. A leƙa cikin silin da tocila a duba langalanga da gara, sannan a kashe tocilar a ɗaga kai: duk inda hasken rana ya ɗigo, nan ruwa zai ɗigo. In kuma tabo ya riga ya fito a silin, kada a tsaya nema a daidai samansa. Ruwa yana bin bayan kwano ko jikin rafta ya yi tafiyar mita biyu ko uku kafin ya saki, don haka daga tabon a bi gangare a haura sama, sukuru bayan sukuru, har zuwa hula.